Yadda Ake Gano Hanyoyin Ƙarnukan Tsakiya Daga Takardu da Shaidar Ƙasa

Yawancin hanyoyin da mutane suka bi tsakanin ƙarni na 5 da na 15 na Miladiyya ba gina su aka yi ba. Ƙafafun mutane da kofatan dabbobi ne suka fitar da su, kuma da zarar an daina bin su sai ciyawa ko rairayi ko garma su shafe su. Shi ya sa bincikensu ya sha bamban da na manyan titunan Rumawa, waɗanda aka shimfiɗa da duwatsu a miƙe, har yau ana iya tsayawa a kan wasunsu. A Ingila ta wancan zamani, abin da doka ta ɗauka a matsayin hanya shi ne haƙƙin wucewa daga wani wuri zuwa wani, har ma idan taɓo ya hana bin turbar da aka saba, matafiyi yana da damar ratsewa ta gefe ko da zai taka shukar wani. Mai binciken da ya fita neman siririn layi guda da zai zana a taswira ya kama aikin ta inda bai dace ba. Abin da ya kamata ya fara nema shi ne wuraren da dole kowa ya bi ta kansu, wato mashigin kogi, gada, rijiya, ƙofar gari da ratar da ake bi tsakanin tsaunuka, domin irin wannan hanya tamkar igiya ce mai ƙulli a wurare kaɗan, wadda tsakanin ƙulli da ƙulli zarurrukanta a warwatse suke.

Kafin a buɗe littafi ko ɗaya, a ƙayyade aikin. A zaɓi garuruwa biyu da aka tabbata suna nan a zamanin da ake magana, a zaɓi ƙarni ɗaya ko biyu, sannan a tambayi kai wane irin matafiyi ake bi, domin manzon sarki a kan doki, da ayarin raƙuma, da mai kora shanu zuwa kasuwa, da alhaji mai tafiya a ƙasa, ba lalle turbarsu ta zama ɗaya ba ko da gari ɗaya suka nufa.

Abin da takardu ke bayarwa

Takardun da suka fi amfani su ne waɗanda suka jero zango bayan zango. A shekarar 990 Sigerik, babban limamin cocin Kantabari a Ingila, ya je birnin Rum, kuma aka rubuta masaukansa na dawowa, zango 79 daga Rum zuwa gaɓar tekun da ke fuskantar Ingila. Jerin sunaye ne kawai ba tare da bayani ba, amma a kansa aka dogara wajen sake zana babbar hanyar masu ziyara da ta ratsa Italiya da Suwizalan da Faransa. A ƙasashen Musulmi irin wannan rubutu ya zama fanni mai zaman kansa. Ibn Khurdazbih, wanda ya riƙe shugabancin baridu, wato aikin kai saƙonnin gwamnati, a lardin Jibal na yammacin Iran ta yau a ƙarni na 9, ya rubuta hanyoyin daular Abbasiyawa tare da nisan da ke tsakanin kowane masauki da na gabansa. Tun da aikinsa ke nan, alƙalumansa na yankunan da ke kusa da Bagadaza sun fi cancantar a amince da su a kan abin da ya ji game da ƙasashe masu nisa.

Tambayar farko da za a yi wa kowane marubuci ita ce ko ya taka hanyar da ƙafarsa. Masanin ƙasa Albakri ya kammala bayaninsa na hanyoyin Sahara a 1068 yana zaune a Andalus, bai taɓa ƙetarawa can ba. Ya tattara ne daga bakin fatake da kuma rubutun Alwarrak na ƙarni na 10, saboda haka wani zangon da ya ambata yana iya kasancewa ya kai shekara ɗari da mutuwa a lokacin da yake rubutawa. Ibn Baɗuɗa kuwa ya yi tafiyar da kansa: ya tashi daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko a farkon 1352, ya isa Tagaza mai ma'adinin gishiri bayan kwana 25, ya kai Walata, a Muritaniya ta yau, bayan wata biyu cur. Amma shi ma shifta ya yi wa Ibn Juzai bayan ya koma gida, kuma an gano cewa wasu sassan bayanin Sham da Hijaz an ɗauko su ne daga Ibn Jubair, wanda ya riga shi da kusan ƙarni ɗaya da rabi. Wannan bai zubar da darajar littafin ba, sai dai yana wajabta a auna kowane sashe shi kaɗai.

A ganina takardun da ba don bayanin hanya aka rubuta su ba sun fi gaskiya, domin marubucinsu ba shi da wanda yake son burgewa. Wasiƙun Sarki Jon na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1199 zuwa 1216, kowace tana ɗauke da rana da garin da aka hatimce ta, kuma da yake sarkin ba mai zama wuri ɗaya ba ne, jera wasiƙun bisa kwanan wata ya fito da tafiye-tafiyensa kusan rana bayan rana. Inda aka ga ya bi tsakanin gari kaza da gari kaza sau da yawa, a lokacin sanyi da na zafi, tare da kayan fada masu nauyi, to akwai hanya mai ɗaukar amalanke a wurin. Haka nan takardun iyakar filaye, waɗanda kan ce iyaka ta bi tsohuwar hanya har zuwa mashigi. Da ƙarar da aka kai kotu a kan wanda ya toshe turba ko ya haƙa rami a tsakiyarta. Da izinin da sarki kan ba gari na karɓar kuɗi na wasu shekaru domin gyaran gada. Da wasiyyar mamaci da ya bar dukiya don a cike wani wuri mai taɓo. Da takardun waƙafi na rijiyoyi da masaukan ayari. Kowace daga cikinsu tana kafa ƙusa ɗaya: a shekara kaza, akwai hanya a wuri kaza.

Da dokoki sai a yi hattara. Dokar Wincesta ta 1285 ta umarci a sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙƙiya har ƙafa 200 a kowane gefen hanyar da ta haɗa garuruwan kasuwa, don kada 'yan fashi su sami maɓoya. Dokar ta nuna abin da Sarki Edwad na Ɗaya yake so da abin da yake tsoro. Ko an aiwatar da ita a wani daji takamaimai, wannan sai wata shaidar ta daban.

Awon nisa da tsofaffin taswirori

Kada a mayar da alƙaluman tsohon marubuci zuwa kilomita kai tsaye. Wanda ya karanta babin sallar ƙasaru ya san lissafin malaman fiƙihu, cewa baridi ɗaya farsakhi huɗu ne, farsakhi ɗaya kuma mil uku, kuma ana ƙiyasta farsakhi da kusan kilomita shida. Amma a bakin matafiyi farsakhi yakan zama awon lokaci da wahala, ya gajarta a kan tsauni ya tsawaita a fili. Tafiyar yini ta fi wannan rikitarwa, domin yinin ayari mai kaya daban, yinin manzo mai sauya dawaki daban. Dabarar ita ce a nemo wurare biyu da aka san inda suke a cikin littafin nan da ake aiki da shi, a auna tsakaninsu a taswirar yau, a raba da adadin da marubucin ya bayar, a maimaita haka a wurare da dama. Abin da ya fito shi ne awon wannan marubuci, kuma da shi za a nemi zangon da ya ɓace: a zana da'ira daga zangon baya, a zana wata daga na gaba, a bincika inda suka haɗu, musamman idan akwai ruwa a wurin. A kuma tuna cewa masu kwafar littafi da hannu sun fi yin kuskure a lambobi da baƙin sunaye, kuma a rubutun Larabci ɗigo ɗaya da ya faɗi yana iya mayar da sunan gari wani suna dabam, don haka a gwada kwafi fiye da ɗaya idan akwai.

Taswirorin zamanin kansu kaɗan ne, kuma ba don a riƙe su a hannu ana tafiya aka yi su ba. Taswirar Gof da ke ɗakin karatu na Bodiliyan a Okusfod, wadda aka zana a wajen ƙarshen ƙarni na 14, tana da jajayen layuka tsakanin garuruwa tare da adadin nisa, amma layukan a miƙe suke, ba sa nuna lanƙwasar hanya, milinta ya fi na yau tsawo, kuma ba ta ja layi tsakanin Landan da Doba ba alhali kowa ya san ana bin wannan hanya dare da rana. Rashin hanya a taswira ko a littafi ba hujja ba ce cewa babu ita.

Abin da ya fi amfani shi ne a yi tafiya da baya. A ɗauki taswirar yau, a cire duk titin da aka san ranar gina shi, a koma taswirar ƙarni na 19 a cire layin dogo da hanyoyin da hukuma ta miƙar, a koma wadda ta gabace ta, har a kai mafi tsufa. Abin da ya rage shi ne ake tuhuma da tsufa. A nan ne iyakokin gundumomi da na gonaki ke taimakawa, domin iyaka takan bi hanya, kuma takan zauna a wurin shekaru ɗaruruwa bayan hanyar ta mutu. Idan aka ga iyaka ta tafi santal tsawon kilomita da yawa ba tare da kogi ko tudu da zai bayyana dalilin haka ba, a sa alama a wurin. Sunayen wurare masu ma'anar mashigi, gada, masauki ko kasuwa su ma alamu ne, da sharaɗin a nemo yadda aka rubuta sunan a takarda mafi tsufa, saboda kamannin suna na yau yana yaudara.

Dubawa daga sama, sannan a taka

Tsofaffin hotunan sama sun fi sababbi daraja a wannan aiki, domin an ɗauke su kafin manyan injinan noma da faɗaɗar birane su share ƙasa. Hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna Corona, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka kuma sake su ga jama'a a 1995, sun nuna tsofaffin turbobi a arewacin Siriya da Iraƙi waɗanda da yawansu yau babu ko alamarsu. Inda ƙasa ta daddale saboda taku, ko aka shimfiɗa tsakuwa, shuka takan taso gajera ta riga sauran bushewa; inda hanya ta zama kwari ta cika da ƙasa mai laushi, shuka takan fi kore. A wuraren da kurmi ya rufe, ana amfani da na'urar laida, wadda ke harba hasken leza daga jirgin sama ta auna tudu da kwarin ƙasa, sannan kwamfuta ta cire itatuwa ta bar fuskar ƙasar tsirara.

Bayan haka dole a je wurin. A tafi lokacin da ciyawa ta kwanta, da sassafe ko da yamma lis, sa'ad da hasken rana ke zuwa a karkace yana fito da inuwar ƙaramin tudu. Alamar da aka fi samu ita ce hanya mai zurfi, wadda taku ya sassauta ƙasarta ruwan sama ya kwashe, shekara bayan shekara, har ta nutse ƙasa da gonakin da ke gefenta, wani lokaci fiye da tsayin mutum. A kan gangara akan ga irin waɗannan ramuka da yawa jere da juna kamar yatsu, saboda idan ɗaya ta lalace sai matafiya su buɗe wata a gefenta, kuma duk sukan taru a mashigi ɗaya a ƙasa. Kwazazzabon da ruwa kaɗai ya haƙa yana bin inda ya fi gangara ne, yana kuma rassa ta sama; hanya kuwa takan yanki gangara a karkace, ta ci gaba a ƙetaren tudu inda ruwa ba zai hau ba. A auna faɗi da zurfi, a ɗauki hoto da ma'auni a ciki, a riƙe lambobin wurin da na'urar GPS, a rubuta irin ƙasar, domin zurfi ba ya nuna tsufa: a ƙasa mai taushi shekaru kaɗan sun isa a yi rami, a kan dutse mai tauri kuwa shekara dubu tana iya wucewa ba ta bar komai ba sai sulɓi.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni gani shi kaɗai ba ya faɗin shekara. Ramin hanya ba shi da kwanan wata, kuma wannan ita ce babbar matsalar aikin gaba ɗaya. Mataki na farko na warware ta ba ya buƙatar tono: a duba me ya yanke me. Idan hanya ta ratsa ta kan tsofaffin kunyoyin gona ta datse su, to ta zo bayansu. Idan kunyoyin sun tsaya a bakinta sun juya, to ta riga su ko kuma tare suka rayu. Idan ganuwar gari ta toshe ta babu ƙofa a wurin, ta mutu kafin a gina ganuwar. Da irin wannan ake jera abubuwa gaba da baya, sai a nemi ɗaya daga cikinsu da takarda ta ba shi shekara.

Tono aikin ƙwararru ne masu izinin hukuma da na mai fili, kuma wanda ya haƙa ba da tsari ba ya lalata shaidar har abada. Amma ko wanda ba zai taɓa riƙe cebur ba yana buƙatar sanin yadda ake karanta rahoton tono. Akan yanka rami a gicciye, daga wannan gefen hanya zuwa wancan, don a ga shimfiɗu hawa-hawa da lambatun gefe. Tsabar kuɗi ko tsingaron tukunya da aka samu a ƙarƙashin shimfiɗa yana nuna cewa an yi shimfiɗar bayan an ƙera abin, ba ya nuna da shekara nawa. Abin da aka tsinta a sama kuwa yana nuna lokacin da aka bi hanyar ne kawai. Gawayi da ƙashi suna karɓar gwajin kabon, wanda ke ba da tazarar shekaru maimakon shekara guda. Katako ne sarkin shaida, domin ana daidaita zobban da ke cikin itace da jerin zobban da aka riga aka sani, har a faɗi shekarar da aka sare shi idan ɓawon yana nan. A Nobgorod ta Rasha, inda danshin ƙasa ya adana itace, an tono titi mai shimfiɗar gungumen katako hawa 28, ɗaya a kan ɗaya, daga ta 953 zuwa ta 1462, kuma a tsakanin katakan wani titi na birnin ne aka tsinci wasiƙar farko da aka rubuta a ɓawon itace a 1951. A Denmak, zobban itace sun nuna cewa gadar Rabnin Enge, mai tsawon mita 760, an gina ta ne a wajen 980, zamanin Sarki Haral. Shi ya sa gada da wurin da hanya ta ratsa fadama suka fi ko'ina cancantar a kashe musu kuɗin bincike.

A hamada babu shimfiɗa babu rami, sai rijiyoyi, tarin duwatsun nuna hanya, kaburbura da abin da ayari ya yar. A 1964 masanin Faransa Tiyodo Mono ya gano kayan wani ayari a Ma'adin Ijafen cikin hamadar Muritaniya, sandunan tagulla sama da 2,000 tare da wuri, a wurin da babu gari babu rijiya kusa. Kayan sun tabbatar da cewa an bi ta nan, amma wuri ɗaya ba ya zama hanya, kuma mai yiwuwa ne ayarin ɓata ya yi.

Haɗa shaidun biyu

Takarda tana ba da suna da shekara ba tare da wuri ba, ƙasa tana ba da wuri ba tare da suna ko shekara ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kufai na farko da aka gani a manna masa sunan da ke cikin littafi, sannan a dawo a kafa hujja da kufan cewa littafin ya yi gaskiya. Maganin wannan shi ne a ajiye rajista biyu, ɗaya ta abin da takardu suka ce, ɗaya ta abin da aka gani a ƙasa, kada a haɗa su sai kowace ta tsaya da ƙafarta. Kafin a ce kufai kaza shi ne zango kaza, sai nisan ya dace ta ɓangarorin biyu, tukwanen wurin su kasance na ƙarnin da ake magana, siffar da marubuci ya bayar ta ruwa ko dutse ta yi daidai, kuma a tabbata babu wani kufai kusa da ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Hanyar Zubaida, wadda ta tashi daga Kufa zuwa Makka tsawon kusan kilomita 1,400, misali ce ta inda shaidun suka haɗu da kyau. Marubuta sun jero masaukanta, a ƙasa kuma ga tafkunan dutse, rijiyoyi, harsashin gidaje da duwatsun mil. Tonon da Jami'ar Sarki Sa'ud ta fara a Rabaza a 1979 ƙarƙashin Sa'ad Arrashid ya fito da gari sosai mai gidaje da masallatai da ma'ajiyar ruwa, inda littattafai suka ambaci zango. Duk da haka sunan hanyar yana iya ruɗar da mai gaggawa ya jingina kowane tafki ga Zubaida matar Haruna Rashid, alhali tarihi ya nuna an fara kafa alamun mil tun zamanin Saffah, halifan Abbasiyawa na farko, Mansur da Mahdi kuma suka ƙara gine-gine. Duwatsun mil su ma a bincika ko a mazauninsu aka same su. Waɗanda ke ɗauke da sunan Halifa Abdulmalik ɗan Marwan a yankin Ƙudus suna faɗin nisa daga Dimashƙa ko daga Iliya, wato Ƙudus ɗin kanta, amma dutse sassaƙaƙƙe abin sha'awar magina ne, kuma wanda aka ciro daga bangon wani gida ba ya nuna inda hanya ta bi. A Kambodiya ma haka aka yi aikin: rubutun dutse na haikalin Pireya Kan na 1191 ya ce Sarki Jayabarman na Bakwai ya gina "gidajen wuta" 121 a kan hanyoyinsa, waɗanda ake ɗauka masaukan matafiya ne, masu bincike kuma suka bi gadojin dutse da tudun hanyoyin da suka fita daga Anko, babban birninsa, suna neman gine-ginen da suka dace da wannan bayani, ba su kuwa sami dukkansu ba.

Inda shaidun suka saɓa, kada a yi saurin ƙaryata ɗaya. Sau da yawa dukansu gaskiya ne, zamaninsu ne ya bambanta, domin hanya tana ƙaura. Gadar da aka gina a kan kwazazzabon Sholenen na Suwizalan a wajen 1230 ta buɗe ratar tsaunin Gotad, ta jawo fataucin da ke tsakanin Italiya da ƙasashen Jamus zuwa wata sabuwar turba. A Ingila, gadar garin Abindon ta 1416 ta janye matafiya daga garin Walinfod. Rijiya ta ƙafe, sarki ya tsananta haraji, yaƙi ya tashi, duk suna karkatar da ayari.

Manhajojin taswira irin su QGIS suna iya lissafa turbar da ta fi sauƙin bi tsakanin wurare biyu bisa tudu da gangara. A ɗauki sakamakon a matsayin shawarar inda za a je a duba. Kwamfuta ba ta san inda 'yan fashi suke ba, ba ta san kabarin waliyyin da matafiya ke ratsewa su ziyarta ba, kuma taswirar tudun da aka ba ta ta yau ce, bayan koguna sun sauya kwanciya. Inda lissafinta ya saɓa da hanyar da aka tabbatar, a nemi abin da ya sa mutane suka zaɓi wahala, domin galibi akwai wani abu a wurin da bincike bai kai gare shi ba tukuna.

A taswirar ƙarshe a bambanta darajar kowane yanki. Layi cikakke ga inda takarda da ƙasa suka yi ittifaƙi, layi mai tsinkewa ga inda shaida ɗaya ce kawai, ɗige-ɗige ga inda hasashe ne, kuma a fili ko hamada a zana faffaɗan zirin da turbobin suka warwatsu a cikinsa maimakon layi. Kowane yanki a ba shi lamba, a rubuta a rajista takardar da ta ambace shi da shekararta, abin da aka gani a wurin, ranar da aka gani, da shekarar farko da ta ƙarshe da aka tabbata ana bin sa. Inda babu shaida ko ɗaya tsakanin zango biyu, a bar wurin fari, a rubuta nisan da ya rage a gefensa.